Harajin Gida a Ingila da Rangwamen Masu Zaman Kaɗai: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Kwanakin baya, a wurin wata walimar suna da 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Ingila suka shirya, hira ta gangaro kan takardar harajin gida da ƙananan hukumomi suke aiko wa kowa a cikin watan Maris. Wani dattijo da nake girmamawa, magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu, ya ajiye kofin shayinsa ya ce abin da ya kasa ganewa shi ne dalilin da zai sa maƙwabcinsa gwauro ya riƙa biyan ƙasa da shi. "Motar shara ɗaya take zuwa ƙofarmu, fitilar titi ɗaya take haska mu," in ji shi, "to don me za a yafe masa rubu'i, ni kuma a ce in biya cif?" Akasarin waɗanda suke wurin suka gyaɗa kai. Na ce masa, "Alhaji, da za a raba kuɗin nan bisa yawan masu kawo albashi gida, da ka ga wanda aka fi matsa wa," amma lokacin salla ya yi kafin maganar ta yi nisa.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ba a wurin walima kaɗai ake yin ta ba. A watan Satumbar 2024 an yi ta raɗe-raɗin cewa gwamnatin Labour za ta soke wannan rangwame, bayan da mataimakiyar firaminista ta lokacin, Angela Rayner, ta ƙi ba majalisa tabbacin cewa za a bar shi, sai daga baya gwamnati ta fito ta ce ba za ta taɓa shi ba. Tun da an taɓa ɗaga maganar, za a sake ɗaga ta duk ranar da aljihun hukuma ya bushe.

Ra'ayina shi ne, rangwamen kashi 25 cikin 100 da ake yi wa mai zaman kaɗai haƙƙi ne da ya dace a bar masa, kuma ma bai kai abin da adalci ya nema ba. Akwai zalunci a cikin wannan haraji, zalunci babba, sai dai yana can wajen yadda ake ƙiyasta darajar gidaje, kuma duk wanda ya bar can ya juyo kan bazawara da gwauro ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Daga ina rubu'in ya fito?

Harajin da ake kira Council Tax ya fara aiki a watan Afrilun 1993. Ya maye gurbin harajin kai da gwamnatin Margaret Thatcher ta shigo da shi a Scotland a 1989, sannan a Ingila da Wales a 1990, wanda ya ɗora wa kowane baligi a ƙaramar hukuma kuɗi iri ɗaya, attajiri ne ko mai share titi. Wannan haraji ya jawo tarzoma a dandalin Trafalgar na Landan ranar 31 ga Maris 1990, yana kuma cikin abubuwan da suka yi sanadin saukar Thatcher a watan Nuwamba na shekarar. Duk wanda ya taso a Arewacin Nijeriya ya ji labarin irin baƙin jinin harajin kai a wurin talaka, da irin murnar da aka yi lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979.

Gwamnatin John Major ta nemi tsaka-tsaki. Sai ta tsara harajin a kan cewa rabinsa na gida ne, rabinsa kuma na mutanen da ke cikin gidan, aka kuma ɗauka cewa kowane gida yana da baligai biyu. Idan baligi ɗaya ne a ciki, sai a cire kason mutum guda, wato rubu'in kuɗin gaba ɗaya. Ke nan rangwamen yana cikin ginin harajin tun daga tushe, ba wata alfarma ce da aka liƙa masa daga baya ba.

Lissafin da ba a cika yi ba

A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, matsakaicin abin da gidan da ke rukuni na D ya biya a Ingila fam 2,280 ne (an kasa gidaje rukuni takwas bisa darajarsu, daga A mafi araha zuwa H mafi tsada). Miji da mata masu aiki za su raba shi, ya kama fam 1,140 kan kowa. Samari huɗu ma'aikata da suka haɗu suka kama hayar gida ɗaya za su biya fam 570 kowannensu. Mace ɗaya da ke zaune a gidan da ke kusa da nasu, mai girma ɗaya da daraja ɗaya, za ta biya fam 1,710 daga aljihunta ita kaɗai, kuma wannan bayan an yi mata rangwamen ne. Ta biya ninki uku na abin da kowane ɗaya daga cikin samarin ya biya, ta kuma ɗara kowane ɗaya daga cikin ma'auratan da fam 570.

Wanda ake cewa an fifita, to shi ne ya fi kowa ɗaukar nauyi idan aka duba mutum da mutum. Haka kuma lamarinsa yake a sauran kuɗaɗen gida, domin kuɗin haya da na ɗumama ɗaki da na intanet ba sa raguwa zuwa rabi don kawai mutum ɗaya ne yake kwana a gidan.

"Ai hidima ɗaya ake yi mana"

Wannan ita ce hujjar dattijon, ita ce kuma wadda aka fi ji. Gaskiya ne motar shara tana tsayawa a ƙofar kowa, kuma fitilar titi ba ta tambayar mutum nawa ne a gida kafin ta kama. Amma idan ma'aunin shi ne yawan amfani da hidima, to sakamakon ba zai yi wa mai babban iyali daɗi ba. Dokar ba ta ƙirga yara 'yan ƙasa da shekara 18 ko kaɗan, haka ma ɗalibai masu karatu na cikakken lokaci. Gida mai mutum shida, miji da mata da 'ya'ya huɗu, yana biyan daidai da abin da ma'aurata marasa 'ya'ya suke biya, alhali kwandon shararsu ya fi cika, 'ya'yansu ne a filin wasa da ɗakin karatu na unguwa, su ne kuma za a yi wa hidima idan wani yaro yana da buƙata ta musamman.

Ban ga laifin haka ba, hasali ma ina ganin daidai ne al'umma ta taya mai iyali ɗaukar nauyin 'ya'yansa. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya ci moriyar wannan rangwame da ba a rubuta a takarda ba, sannan ya ɗaga murya kan rangwamen da aka rubuta wa maƙwabcinsa.

Ban da haka, shara da fitila ƙaramin kaso ne na abin da ake kashewa. Kaso mafi tsoka na kasafin manyan ƙananan hukumomi yana tafiya ne wajen kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da aka karɓa daga hannun iyayen da suka gaza. Wannan ba hidima ce da ake sayarwa a ƙofar gida ba, balle a ce kowa ya biya gwargwadon abin da ya ɗiba. Nauyi ne na kowa da kowa, kuma irin wannan nauyi da ƙarfin aljihu ake raba shi.

Su wane ne masu zaman kaɗai?

Da an ce mai zaman kaɗai, wasu sai su hango saurayi mai albashi mai tsoka a wani bene na tsakiyar Landan. Akwai irinsa, amma ba shi ne mafi yawa ba. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na gidajen Ingila da Wales mutum ɗaya ne a ciki, kuma kaso mai yawa daga cikinsu tsofaffi ne da suka haura shekara 65. Fiye da gidaje miliyan 8 ne suke samun rangwamen a Ingila, a cikinsu har da uwa mai rainon 'ya'yanta ita kaɗai, tun da ba a ƙirga yara.

A layinmu akwai wata tsohuwa Baturiya da mijinta ya rasu bayan doguwar jinya. Kafin rasuwarsa fansho biyu ne yake shigowa gidan, yanzu ɗaya ne. Da sanyi ya tsananta, sai ta kashe na'urar ɗumama sauran ɗakuna ta tare a falo da bargo a cinyarta, tana ajiye takardun kuɗin wuta da na ruwa da na haraji a cikin wani tsohon gwangwanin biskit, kowace da ranar biya a rubuce a bayanta da biro. Kuɗin shigarta ya ragu sosai, harajin gidanta kuwa rubu'i kawai ya ragu. Cikakken fanshon gwamnati na sabon tsari a shekarar 2025 zuwa 2026 fam 230.25 ne a mako. Ga mai gida a rukuni na B a yankin da ake biyan matsakaicin haraji, rangwamen ya kai kimanin fam 443 a shekara, kusan fanshon mako biyu ke nan. Wanda ya ce a soke shi, to ya faɗa wa wannan baiwar Allah wanne za ta rage, abinci ko ɗumi.

Za a ce ai akwai tallafin haraji ga masu ƙaramin ƙarfi. Akwai shi. Sai dai tun 2013, lokacin da aka soke tsarin tallafi na ƙasa baki ɗaya, kowace ƙaramar hukuma a Ingila take tsara nata ga waɗanda ba su kai shekarun fansho ba, kuma da yawa daga cikinsu suna tilasta wa ko marar aikin yi ya biya wani kaso. Tsofaffi suna da kariya ta ƙasa, amma tallafin yana buƙatar cike takardu da bayyana duk abin da mutum ya mallaka, wanda kuma ɗan abin da ya tara ya ɗara ƙa'ida ba ya samun komai. Rangwamen zaman kaɗai kuwa tambaya ɗaya yake yi: baligi nawa ne a gidan?

Kuma bashin wannan haraji ba irin sauran basussuka ba ne. Wanda ya kasa biyan kason wata ɗaya, aka aiko masa da takardar tuni bai biya cikin kwana bakwai ba, ana iya neman ya biya na shekarar gaba ɗaya. Daga nan sai kotun majistare, sai masu ƙwace kaya su zo ƙofa, a Ingila ma har yanzu doka ta yarda a ɗaure wanda kotu ta samu da ƙin biya da gangan ko sakaci har tsawon kwana 90, abin da Wales ta daina tun 2019. Mai zaman kaɗai ba shi da albashi na biyu da zai tare masa idan rashin lafiya ta kwantar da shi wata guda.

Inda masu suka suke da gaskiya

Akwai wani gefe na rangwamen da ba zan iya karewa ba. Da yake kaso ne na kuɗin da aka yanka wa gida, wanda gidansa ya fi tsada shi ya fi samun ragi. A matsakaicin farashin da na ambata, gidan rukuni na A yana biyan fam 1,520, rangwamensa fam 380. Gidan rukuni na H yana biyan fam 4,560, rangwamensa fam 1,140. Abin da ake yafe wa attajirin da ke zaune shi kaɗai a katafaren gida ya yi daidai, fam da fam, da dukkan harajin da matar da ke zaune ita kaɗai a ɗan ƙaramin gida take biya a shekara. Wannan bai dace ba.

Maganinsa a sa wa rangwamen iyaka, kada ya wuce rubu'in harajin rukuni na D a kowace ƙaramar hukuma. Mazauna rukunin A zuwa D, waɗanda su ne mafi rinjaye, ba abin da zai canza musu, na sama kuma su daina samun ƙari saboda girman gidansu. Wannan gyara ne mai sauƙi, ya kuma amsa wani ƙorafin da ake yi cewa rangwamen yana sa mutum ɗaya ya riƙe gida mai ɗakuna biyar alhali iyalai suna cunkushe a ɗaki biyu. Ni dai ban yarda cewa fam ɗari huɗu ne yake hana tsohuwa barin gidan da ta yi shekara arba'in a ciki ba. Abin da ke hana ta shi ne maƙwabtan da ta saba da su, da tsadar ƙaura, da ƙarancin ƙananan gidaje marasa bene a unguwarta. Amma ga manyan gidaje, babu dalilin ƙara wa mutum ladan zama shi kaɗai.

Batun masu ƙarya kuma gaskiya ne akwai su. Wani zai ce shi kaɗai ne alhali matarsa ko ƙaninsa yana ciki. Ƙananan hukumomi suna gwada sunaye da rajistar masu zaɓe da bayanan kamfanonin bashi, suna kama da yawa, suna karɓe kuɗin baya tare da tara. Ya kamata mutanenmu su kula da wannan, domin mun saba da saukar da ɗan'uwa wata da watanni ba tare da tunanin komai ba: idan baƙon ya mai da gidan mazauninsa na dindindin kuma ba ɗalibi ba ne, wajibi ne a sanar da hukuma cikin kwana 21. Ƙaryar wasu dalili ce ta ƙara bincike, ba ta isa ta zama hujjar hukunta miliyoyin masu gaskiya ba.

Harajin da ya tsaya a 1991

A nan ne ainihin ciwon yake. An kasa gidajen Ingila rukuni takwas, daga A zuwa H, bisa darajar da suke da ita ranar 1 ga Afrilun 1991, kuma har yau ba a sake ƙiyasi ba. Gidan da aka gama ginawa bana ma, sai jami'an ƙiyasi su zauna su yi hasashen nawa da zai yi a 1991, lokacin da filin da aka gina shi a kai wataƙila gona ce. Rukuni na A shi ne gidan da bai wuce fam 40,000 ba a wancan lokaci, rukuni na H kuma duk wanda ya haura fam 320,000. Gidan da ya fi kowane araha a rukuni na H ya ninka wanda ya fi kowane tsada a rukuni na A sau takwas, amma doka ta ce harajinsa ninki uku ne kawai. Daga nan kuma babu sauran hawa: mai gidan fam miliyan ashirin yana rukuni ɗaya da wanda gidansa ya ɗan haura layin.

A cikin shekaru fiye da talatin da suka wuce, farashin gidaje a Landan da kudu maso gabas ya yi tashin da na arewa bai yi ba. Sai ga shi a shekarar 2024 zuwa 2025 gidan rukuni na D a Westminster, inda fadar Buckingham da majalisar dokoki suke, bai biya fam 1,000 ba, alhali takwaransa a Nottingham ya biya fiye da fam 2,500. Gidan rukuni na H a Westminster ya biya ƙasa da abin da gidan rukuni na C ya biya a Nottingham. Dalilin a fili yake. Inda akasarin gidaje suke rukunin A da B, dole ƙaramar hukuma ta ɗaga farashi kafin ta tara abin da take buƙata, kuma a irin waɗannan wurare ne talauci da rashin lafiya suka fi yawa, buƙatar hidima ta fi girma. Ga shi kuma mazaunin gida ne yake biya, ko da ɗan haya ne da bai ci ribar ko kwabo daga tashin darajar gidan ba.

Kowane ɗan siyasa a majalisar dokoki ya san da wannan. Gwamnatin Tony Blair ta shirya sabon ƙiyasi da zai fara aiki a 2007, amma ta ɗage shi a 2005. Rahoton Sir Michael Lyons na 2007 ya ba da shawarar a sake ƙiyasi a kuma ƙara rukunai, ba a aiwatar ba. Kowace jam'iyya tana tsoron masu gidajen da harajinsu zai tashi, domin su ne masu fitowa zaɓe da rubuta wa jaridu wasiƙa, waɗanda nasu zai ragu kuwa ba su ma san ana cutar su ba.

Ba abu ne da ya gagara ba. Wales ta sake ƙiyasi bisa farashin 2003, ya fara aiki a 2005, ta kuma ƙara rukuni na tara, sannan ta sa 2028 a matsayin lokacin ƙiyasi na gaba. Ireland ta Arewa tana karɓar haraji bisa darajar kowane gida a farashin watan Janairun 2005, tare da ragin kashi 20 cikin 100 ga wanda ya kai shekara 70 yana zaune shi kaɗai.

"To ina za a samo kuɗin?"

Ban raina halin da ƙananan hukumomi suke ciki ba. Birmingham, mafi girma a cikinsu, ta bayyana a watan Satumbar 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, Nottingham ta biyo baya a watan Nuwamba, kuma kafin su Croydon da Woking da Thurrock sun shiga irin wannan hali. An ƙiyasta cewa soke rangwamen zai kawo kimanin fam biliyan 3 a shekara, kuɗin da duk wani ma'aji zai yi kwaɗayinsa. Amma ƙarin kashi ɗaya bisa uku ne a dare ɗaya kan gidaje miliyan 8, alhali doka ba ta barin yawancin ƙananan hukumomi su ƙara wa jama'a abin da ya kai kashi 5 cikin 100 a shekara sai da ƙuri'ar raba gardama. Idan kashi 5 ya yi nauyin da sai an tambayi jama'a, ban ga yadda kashi 33 kan marasa mataimaki zai zama abu mai sauƙi ba.

Akwai hanyoyin da suka fi kusa da adalci, wasu ma an fara bin su. Tun Afrilun 2025 an ba ƙananan hukumomin Ingila ikon ninka haraji kan gida na biyu da mai shi yake ajiyewa don hutu. A kasafin Nuwamban 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar da ƙarin haraji kan gidajen da suka haura fam miliyan 2, wanda zai fara daga 2028. Mataki ne mai kyau, sai dai ya taɓa ƙololuwa ne kawai, ya bar rukunai takwas ɗin da farashinsu na 1991 yadda suke, don haka ɗan hayar da ke Nottingham ba zai ga sauƙin komai a takardarsa ba.

Abin da ya rage shi ne a sake ƙiyasin dukkan gidaje bisa farashin yau, a riƙa maimaitawa a kai a kai, a kuma daidaita harajin da ainihin darajar gida. Za a samu tsofaffin da suka sayi gida da araha a Landan shekaru arba'in da suka wuce, darajarsa ta hau amma fanshonsu bai hau ba, kuma da yawa daga cikinsu su kaɗai suke zaune. Su ana iya ba su damar jinkirta biyan ƙarin har sai an sayar da gidan ko an raba gado, kamar yadda ƙananan hukumomi suka riga suka saba yi da kuɗin gidajen kula da tsofaffi, sannan a shigo da sabon farashin sannu a hankali cikin 'yan shekaru domin kada ya faɗo wa kowa lokaci ɗaya.